Inda Mai Ya Ɗiga

Da hantsi aka turo ta garejin Nomau,
bayan tashar Kadro, gindin bedi,
farar mota mai jigilar aya daga Cadawa,
hayaƙinta shuɗi, kamar an hura ɗanyen icce.

Mai ita, Tanimun, ya zo da hukuncinsa a baki:
"Turbo ya mutu. Mutum uku sun faɗa mini.
Jaka ɗari biyu, kuma sai an aika Kano,
ni da ko gazuwal ɗin jiya bashi na sha."

Nomau ya gama tauna goronsa tukuna.
Ya ce in miƙo kule goma da turnabis.
Na sassauta kolye, na zare duriti,
baƙin mai ya biyo hannuna har gwiwa,
a hanyar da iska kaɗai ke da izinin bi.

"Ka gani?" in ji Tanimun.
"Na ga sawu," in ji Nomau.
"Ɓarawon ne ban gani ba."

Ya zura yatsa cikin bakin turbo,
ya taɓa ƴar farfela, ya girgiza ta,
ido rufe, kai a karkace,
kamar mai sauraren magana ta bayan danga.
Sama, ƙasa. Gaba, baya.
"Haƙorin bakina ya fi wannan rawa.
Ku bar bawan Allah, ba shi ba ne."

Matatar iska ya ɗaga wa rana,
haske ya ratsa ta, ya mayar.
Aka tada mota. Ya buɗe marfin mai,
ya kifa tafi, yana jin numfashinta.
Ba haki. Ba huci.
Mai shayi ya zo ya wuce, ba wanda ya kira shi.

Sai ya dube ni: "Ilu, shiga ƙasa.
Mai yana hawa ta sama, kowa ya san wannan.
Ta ina yake komawa gida?"

Na shimfiɗa kwali, na kwanta rigingine,
yashi a ƙeya, ɗumin ƙarfe a fuska.
Ga shi can, ɗan bututu, bai kai taƙi ba,
wanda ba a taɓa sa wa kule ba
tun ranar da motar ta sauka Kwatano.
Na ciro shi. Na busa.
Kumatuna suka cika kamar na kwaɗo,
iska ta ƙi wucewa.

Da waya muka yi ta sakace,
baƙin ƙanzo na faɗowa gutsi-gutsi,
irin na tukunyar da aka manta bisa murhu.

"Ina kake sayen mai?"
Tanimun ya sosa ƙeya.
"A kwalba. Bakin hanyar Ɗan Isa. Da sauƙi."
Nomau ya zuba masa ƙanzon a tafi:
"Ga canjinka.
An toshe masa hanyar gida,
ya tsaya, ya taru, ya rasa na yi,
sai ya fasa ƙofar da ta fi rauni.
Ku kuma kuka kama mai ƙofa."

Mun wanke duriti da isanshi,
mun juye abin da ya kwanta a ma'ajin sanyi,
kusan rabin gwangwanin madara.
La'asar sakaliya hayaƙi ya washe.
Jaka huɗu ya biya, da tiya guda ta aya.

Da magariba ina cuɗa hannu da toka,
na tuna ƙanena da na daka wa tsawa jiya
kan ƙwaryar fura da ya zubar,
alhali wata uku ke nan
rabona da zuwa Tibiri in gaida inna.

Man ya fita daga tafi.
Na ƙarƙashin farce ya ƙi.
Na ƙulle rabon ayata a leda,
na tambayi Nomau ko gobe da aiki.