Izgar Wani Doki

Sun ce mini can akwai sanyi.
Na yi dariya. Ni da aka binne cibiyata a Gangare,
inda ruwan alwala ke cizon yatsa da asuba,
wane sanyi za a ba ni labari?
Ashe na Jos ƙane ne,
babban wansa na bakin teku yana jira na.

A filin jirgi wani dogo mai safar hannu
ya juya kukumata kamar mai tayin kabewa.
Ya ƙwanƙwasa ƙoƙon, ya shinshina.
Fatar mece ce wannan?
Na ce wa tafinta, ta guza ce,
kuma ya mutu tun ba a haifi mai tambaya ba,
kakana Jatau ya kama shi a kududdufin kuza.
Aka buga hatimi. Guza ya shiga Turai da biza.

Kwana uku kukuma ta ƙi magana.
Fata ta saki, murya ta dushe kamar ta mai mura.
Da a gida ne, sai in matsa gindin murhun Ladi mai ƙosai,
kafin ta tsame kasko guda fata ta ɗame.
Nan ba gawayi, ba ko toka.
Birgita ce ta ɗauko injin busar da gashinta,
muka tsuguna mu biyu muna yi wa guza gashi,
ita tana dariya, ni ina neman tsari.

Gogenta ya kai ɗan shekara goma tsawo,
a tsakanin gwiwoyi take rungume shi.
Ba ta taɓa shi sai ta buɗe takarda
mai ɗige-ɗige kamar tsuntsaye a kan wayar lantarki.
Ta ce: ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Na ce ni ba da ƙidaya aka koya mini ba,
kunnena aka ja.
Ta ce, to a ina zan shigo?
Na ce, inda kika ji ƙofa a buɗe.

Daren wasa, mutum ɗari bakwai a duhu,
ko tari babu.
Ba guɗa, ba mai tasowa ya liƙa mini ko sisi a goshi.
Na ce a raina, Tanimu, ka kawo kiɗa gidan makoki.
Wa zan wasa, alhali ban san uban kowa ba?
Sai na wasa duwatsun Shere,
na wasa maƙeran Dilimi,
da hazon da ke sauka Farar Gada kafin motocin tumatir.

Ana cikin ta uku, ƙas!
Izgar bakana ta tsinke, ta rataya kamar gemun bunsuru.
Na tsaya da sanda a hannu.
Ita ba ta tsaya ba.
Na ga ta ɗauke ido daga takardar,
ta tallafi waƙata daga inda ta faɗi,
karkatacciya, kamar Hausar sabon baƙo,
amma ta kai ta gida.
Na bi ta da murya kawai.
Tafin da ya biyo baya
sai ka ce ruwan Agusta a kan kwanon ɗakina.

Da aka watse ta sa almakashi a ɗaya bakan nata,
ta miƙo mini fara sol.
Na murza, na lasa, na shafa mata ƙaro.
Izgar doki ce, wallahi, irin tamu.

Jiya na yi biki a Unguwar Rogo.
An yi liƙi, an yi guɗa, ƙura ta tashi.
Wani tsoho ya riƙe mini hannun riga:
Yaro, kukumarka ta sake murya.
Na ce, Baba, sanyi ta sha.

Ban faɗa masa ba
akwai wani farin doki da ban san garinsu ba,
bai taɓa taka Filato ba,
yana nan yana rawa da mu da wutsiyarsa.