Layi Ɗaya

Ƙarfe biyar na asuba a garejin Bukur,
sanyin Jos ya ratsa mu har ɓargo.
Mu goma sha ɗaya muka jeru bakin ofis,
kowa da kofin roba a hannu
kamar masu jiran koko.
Ba wanda ya kalli wani.

Sista Nanret lamba take kira, ba suna ba.
Ta ce in hura a wannan tukuna.
Na hura. Sifiri.
Na ce, Sista, ni giyar da na sani
ita ce ta ɗaya da ta biyu,
wadda nake sawa in na doshi Hawan Kibo
da buhun dankali ɗari uku a bayana.
Ko murmushi ba ta yi ba. Ta nuna mini bayan gida,
ta ce kar in rufe ƙofa ruf.

Shekara goma sha tara ina riƙe da sitiyari,
ko akuya ban taɓa kaɗewa ba.
Yau ga ni da furfura a gemu
ina miƙa wa sa'ar 'yata fitsarina
da hannu biyu.

Ta tsoma 'yar takarda. Muka yi jugum.
Layi biyu, in ji ta, ka tsira.
Ni da na ƙoshi da layi,
layin mai, layin lodi, layin shinge a Riyom,
ban taɓa tsoron layi ba sai wannan:
ja, siriri kamar zaren ɗinki,
ya fito ya tsaya shi kaɗai.
Muka jira ɗan'uwansa. Bai zo ba.

Ban yi musu ba, ramin ƙarya ƙurarre ne.
Ƙwaya ce daga ƙarƙashin teburin mai shayi.
Ba don maye ba, Allah shaida,
don ido ya tsaya a buɗe ne
daren da Alhaji Gwadabe ya ce
in sauke a Abuja in juyo nan take,
wai dankali ba ya jiran mai barci.
Daga ɗaya ta koma biyu.
Daga nan na daina ƙirga.

Shi ne kuma ya sa hannu a takardar:
wata uku ba tuƙi, sai asibiti, sai sabon gwaji.
Na dubi biron, na dubi hannun.
Na ce, ranka ya daɗe,
shin akwai kofin da ake tsoma littafin lodi
a ga layi nawa zai nuna?
Ya cire hula, ya sosa, ya mayar.
Sista ba ta ɗago ba, ta ce akwai.
Masu binciken sun karɓi littafin tun jiya,
suna ƙirga awoyin da kowa ya yi bai runtsa ba.

Na ajiye makulli a kan tebur.
Bai yi ƙara ba.

Ranar na yi barcin awa goma sha huɗu,
har Talatuwa ta kara yatsa a hancina.
Kwana na uku jiki ya tashi neman bashinsa,
zufa cikin sanyi, gwiwa kamar an zare kusa.
Na tuna Sabi'u da ya gangara Hawan Kibo
ido a buɗe tar, kai kuwa ya daɗe da tafiya.
Har yau ƙarfen motarsa na cin tsatsa a kwarin.
Shi ba a ba shi kofi ba.

Yanzu ni ke raka Ummulu bakin titi,
tunda ba ni da wani aiki da safe.
Bas ɗin makaranta ta tsaya, ta hau da kwanon tuwonta.
Na leƙa ta taga muka gaisa da direban,
yaro ne, ya rusuna, ya ce Baba ina kwana.
Na amsa.
Amma ba bakinsa nake kallo ba.
Idonsa nake kallo.