Bangon da Ke Tsakaninmu

Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa,
irin bangon gidajen Hull, siriri kamar ɓawon albasa.
Ni ina dawowa daga aikin dare a asibiti,
ƙafa a kumbure, ido na roƙon barci,
shi kuwa Rowan, ɗan gidan Thwaite, shekararsa tara,
ya kife tukwanen uwarsa a tsakar ɗaki
yana jibgarsu da cokulan katako
kamar sun ci masa bashi.

Na buga bango don ya bari.
Ya ɗauka amshi nake yi masa.
Ya maido mini bugu uku, ya ƙara ɗaya gyara.

Ubansa kifi yake feɗewa a masana'antar bakin ruwa,
hannu kullum ƙarni, baki ba yawan magana.
Shi ya sayo masa gangunan, kwance, wurin wani tsohon mashayi,
ya turo su cikin yayyafi a amalanken kanti.
Faifan tagulla ɗaya ya tsage a gefe,
in an doke shi sai ya yi tarin tsohuwa.
Ranar na ce wa kaina: Barira, ke da barci sai a lahira.

Yana sha bakwai ya haɗu da wasu samari uku,
gashi har kafaɗa, jita mai gurnani.
Farar motarsu ƙofarta da igiya ake ɗaurewa.
Yau Leeds, gobe Sheffield,
jibi wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Glasgow
inda mutum sha ɗaya suka zo,
biyu daga ciki sanyi ne ya koro su.

Makaɗi can baya yake zama, bayan hayaƙi.
Fitila na kan mai waƙa, ihu ma nasa ne.
Amma bari ƙafar Rowan ta dama ta tsaya,
ka ga ɗaki guda ya rasa inda zai taka.

Sau ɗaya na je kallo, da auduga a kunne.
Ashe a banza na toshe, ta ƙirji abin yake shiga.
Na tuna kakana, mai kalangun mahauta a Gusau,
yadda yake rufe ido in hannu ya yi zafi.
Yaron nan ma haka, baki a buɗe, gumi har gwiwa.

Sai abin ya karɓu. Faifai biyu, rediyo,
wani fili inda dubban mutane suka yi tsalle cikin taɓo.
Ubansa ya yanke hotonsa daga jarida
ya manna a jikin firji, bai ce komai ba.

Yana ashirin da shida na tarar da shi
a layin masu ganin likitan kunne, takarda a hannu.
Ya ce, "Barira, wani sauro ya tare a kunnena,
ba ya cizo, ba ya barci."
Likita ya zana masa layi mai gangarowa,
ya ce zaɓi: ko gangar, ko muryar 'ya'yan da za ka haifa.
Motar ba ta jira shi ba.
Kafin wata ya mutu sun ɗauki wani yaro daga Bristol.

Yanzu ranar Asabar yana koyar da yara a zauren unguwa,
a kan faifan roba da ba ya ƙara.
Duk wanda bai toshe kunne ba, ba ya taɓa sanda.
Sauran kwanaki yana gyaran kekuna.

Ni kuma na ajiye aiki, ga lokaci, ga gado,
ga shirun da na shekara ashirin ina roƙo,
barcin ya ƙi zuwa.

Daren jiya, wajen ƙarfe biyu, na buga bango.
Na jira har na ji kunyar kaina.
Wata mota ta wuce. Firji ya yi tsaki.
Can sai ga uku, a hankali, da bayan yatsa,
na huɗun ya ɗan makara.