Mazari a Bayan Gilashi

Ranar Asabar da ruwa ya hana ni buɗe shago
Hansatu ta ja ni zuwa Onikan.
Malamarsu ce ta ce kowa ya je ya gani, ya rubuto.
Daga Agege danfo biyu,
kwandasta ya tafi da canjina na ɗari biyu a Obalende,
har gobe ban yafe ba.

Shekara goma sha tara ina Ikko,
ban san akwai ɗakin da ba a ciniki a cikinsa ba.
Shiru, kamar gidan da aka fita da gawa.
Takalmina ma ya ji kunyar ƙararsa.

Kawunan yumɓu masu hudaddun idanu
suka yi mini kallon wanda ya zo a makare.
Na ce musu sannunku da hutawa.
Hansatu ta ja hannun rigata:
Baba, mutane fa suna ji.

Muka wuce sarakunan tagulla,
muka wuce ganguna da aka hana magana,
dodanni a rataye babu kowa a cikinsu.
Ina gyaɗa kai irin na baƙo a gidan suna,
ina tunanin wa zai biya ni bashin Laraba.

Sai a wani lungu, inda fitila ɗaya ta mutu,
ga mazari.
Tsinke ne kawai da ɗan dunƙulen yumɓu,
da saura zare kamu ɗaya da ya koma launin ƙasa.
An kwantar da shi a kan jan ƙyalle
kamar wani ɗan sarauta.

Hansatu ta karanta takardar, ta fassara mini:
Daga arewa. Ba a san mai shi ba.

Ba a san mai shi ba!
To wa ke zama a bakin rumbu bayan la'asar,
alli a yatsu, auduga a taskira,
goro a kunci, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa?
Wa ta kaɗa zaren rigar da ubana ya yi aure da ita?
Tasalla ce, uwar uwata, a Ɓaɓura.
Ko ba nata ba ne wannan,
na wata ce da ita ma aka kira ta da suna.

Ban san hannuna ya kai gilashi ba
sai da mai gadi, wani dattijon Bayarabe,
ya ce da Hausar kasuwa: Alhaji, ba taɓawa.
Na janye.
Da ma ai na daɗe da janyewa.
Ranar da ta rasu, mu muka raba mazaranta,
muka yi wasan katantanwa da su har suka farfashe.
Yau ni ke sayar da zaren waje katan-katan,
launi arba'in, ba wanda na san hannun da ya yi shi.

Hansatu ta buɗe littafinta.
Baba, Tasalla da la ɗaya ne ko biyu?
Na ce biyu.
Ta rubuta, ta ja layi a ƙarƙashi.

A hanyar komawa, cunkoso ya tsare mu a kan gada.
Ruwa na zuba ta rufin motar.
Na duba cinyata,
sai ga babban yatsa da manuniya
suna murza abin da babu.