Ƙari

Shekara biyu mata na yi mini barka.
A bakin rijiya Tabawa ta shafa cikina,
ta ce, "Kwantacce ne, Hansai,
damina na sauka zai motsa."
Damina ta sauka, ta ɗauke.
Riɗi ya yi fure, muka yanke, muka kakkaɓe.
Shi bai motsa ba.
Jini kawai ke zuwa,
kwana tara, kwana goma sha ɗaya,
har tsummokarana suka ƙare,
na yaga zanen da na yi fitar suna da shi.
Tafin hannuna ya yi fari fat
kamar na cuɗa shi da toka.

Na sha sassaƙe, na sha jiƙo,
na mai lasifika a kasuwar Laraba,
galan biyu, kuɗin ɗan akuya.
Ɗaci ya wuce, nauyi ya zauna.

A Birnin Kudu aka shafa mini mai mai sanyi,
likita ta juyo mini da allon na'ura.
"Ga ɗaya, ga wani, ga ƙarami can a lungu.
Ba ɗa ba ne, ba kuma daji ba.
Ƙari ne a mahaifa,
babban ya kai ɗan giginya."

Na yi dariya, ba ta san dalili ba.
Ni da nake auna gyaɗa a tiya,
kullum ana ce mini "a yi mana ƙari",
yau ni aka yi wa, ban roƙa ba.

Ta ce akwai ƙwaya, akwai allura,
su rage zubar, su saya mini lokaci,
amma baƙin na nan zaune.
Ko a buɗe a tsince su, a bar mini ɗakin,
sai dai ciyawa kan sake tsirowa inda aka nome.
Ko a ɗauke ɗakin gaba ɗaya.

Ɗakin da Sagiru ya kwana wata tara,
da Jummala, da Nafi'u autana,
da biyun da ke kwance gabas da gari.

Inna ta ce, "Mace ba mahaifa
rumbu ne da aka ɗauke wa jinka."
Haladu bai tanka ba.
Na ji shi a zaure yana taɓa buhuna,
ya dawo ya ce, "Riɗi huɗu ne.
In bai kai ba, ga amalanke.
Amma ke za ki faɗa, ke ke ɗauke da shi."
Wallahi da ya zaɓa mini
da na samu wanda zan ɗora wa laifi.

Dare uku ina juyi a tabarma.
Arba'in da uku nake.
Ina son wani ɗan? Ban sani ba.
Na fi son a ce har yanzu zan iya,
wannan ita ce gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba.
Amma rabona da azumi talatin a jere,
rabona da in kai gona ban zauna a hanya ba,
jiri na juya mini kukoki...
Nafi'u ya iya wanke tukunya tun yana aji biyu
don uwarsa na kwance.

Ran Litinin na dangwala babban yatsa.
Na ce a ɗauke.
Muryata ta yi rawa, yatsan bai yi ba.
Ƙanena Ilu ya miƙa hannu aka ɗebi leda guda,
wai shi ma ƙari, ƙarin jini.

Gobe da safe za a shiga da ni.
Fankar ɗakin nan na kuka kamar tsohuwar ƙofa,
na ɗora hannu bisa tudun nan
na yi masa sallama, ban zage shi ba.

Tabawa ta aiko tana tambaya, yaushe suna?
Na ce a gaya mata ta jiƙa gero,
ta dama kunun kanwa mai kauri.
Za a yi jego ba jariri,
mai jegon ce za a raina.