Layin Dogo a Zauren Mato

Ran Litinin aka manna takarda a jikin dogon yaro,
inda muke jiran kar tun ina 'yar lekol:
daga yau mota ba ta ƙara biyowa ta Garin Malam,
sabon kwalta za ta bi, ta ɓulle Kasuwar Dole,
kuɗi kuma an ɗora dala goma.
Mai karatu ya karanta wa marar karatu,
tsakin marar karatu ya fi na mai karatun ƙara.

Kande mai ƙosai ta kife kaskonta,
ta ce, wa zan soya wa, bishiya?
Kafin azahar 'yan kabu-kabu sun jeru a inuwar
kamar an aika musu goron gayyata.

Ni dai ƙafa na koma,
ƙafa ce ta bi da ni ta lungun da ban taɓa bi ba,
har na ji wani abu yana cewa ƙir-ƙir-ƙir
a zauren Baba Mato.

Shekara ashirin da bakwai yana yanka tikiti a wannan kar,
ya san wa ke sauka asibiti, wa ke ɓoye canji a bakin zane,
wa zai ce gobe, goben kuma ba ta zuwa.
Yanzu ga shi durƙushe gaban tsohon ƙyaure
da ya kwantar a kan bulo huɗu,
ya shimfiɗa masa layin dogo.

Wayar ƙafar keke ce dogon,
tsinken ashana ya jera ƙarƙashi, ɗaya bayan ɗaya,
har idonsa ya yi ruwa.
Taragu gwangwanin sardin ne, da sauran ƙarninsu,
kan jirgi na tumatir,
injin kuwa daga cikin wata rediyo ya zaro shi,
wadda ta mutu da kaset a bakinta.
Ya tsinto tsakuwa a gindin duwatsun Birni
ya ce su ne duwatsun, ba ƙarya ya yi ba.

Sau ɗaya tak ya ga jirgin ƙasa,
a Kano, shekarar da ya kai tsohuwarsa aikin ido.
Ita ba ta gani ba, ta ji kukansa kawai,
shi ya yi ta ƙirga mata taragu har ya ɓace a talatin.
Damagaram ba ta taɓa jin wannan kuka ba, in ji shi,
to ga shi na kawo mata, ko da na gwangwani ne.

A bayan kwalin shayi ya rubuta tashoshi:
Mirriya, Matamaye, Magariya,
Tanut can kusa da buta,
inda jirgin ke tuntsurewa kullum a kwana,
ya ɗaga shi da yatsa biyu
yana ba fasinja haƙuri.

Jiya na tarar ya ƙara tasha.
Reshen dogon yaro ya kafa a ƙwallon laka,
ga marfin kwalba a gindinsa, baƙi da toka.
Kaskon Kande ke nan, ya ce, kar ki taɓa, da zafi.
A nan jirginsa ya fi daɗewa,
yana jiran mai gudu da takalmi a hannu.

Na ce, Baba, nawa ne zuwa asibiti?
Ya laluba aljihu, ya fito da tsohon littafin tikiti,
ya lashi yatsa, ya yaga mini ɗaya.
Tsohon kuɗi, ya ce, a nan ba a ƙara ba.

Muna cikin tafiya, tsakanin Mirriya da buta,
batir ya mutu.
Ya dube ni ta saman tabarau:
to, 'yata, kamar dā,
a sauka a tura.