Dashen Albasa

Takardu uku suka zo mini a mako guda,
Na tura su ƙarƙashin tabarmar Inna,
Kwana tara ban yi barcin kirki ba.

Ta farko daga nan Aleru take,
Daga gonarmu ana hango tankin ruwanta.
In na fita da hantsi, la'asar ina gida,
Tuwon Inna ma bai huce ba.

Ta biyu Zariya ce, ilimin noma,
Ga kuɗin karatu, ga gado, ga ɗan guzuri,
Sai dai kuɗin mota daga tashar Jega
Ba su ambace shi ba.

Ta ukun kuwa hatiminta ruwan zinariya,
Ƙasar da ruwa ke daskarewa a famfo.
Likitanci, shekara shida, jirgi kyauta,
Da sharaɗi can ƙasa da ƙananan baƙaƙe:
Makinka ya sauka, ka naɗe kayanka,
Ba su san ana rashin uwa ba.

Unguwa ta riga ni zaɓe.
Malam Tukur ya rubuta sunana a bangon aji,
Ɗan'ige mai shayi ya ce, “Likita, zauna!”
Ya ƙara mini madara har baki,
Bai karɓi ko sisina ba.

Ni kuwa abin da nake gani in na rufe ido,
Babana ne tsaye bakin rudu, bara,
Yana juye albasar da ya yi wa wata biyar.
Buhu tamanin aka shigar,
Talatin da ɗaya sun zama ruwa da wari.
Ya wanke hannu, ya tafi sallar azahar,
Bai ce wa kowa komai ba.

Na ɗauki takardun na je wurin kakana Cindo,
Na tarar yana ɗora ƙafar wani ɗan acaɓa.
Ya ja, mutumin ya kira sunan uwarsa,
Ya jera karare, ya ɗaure, ya tofa.
Sannan ya dube ni: “Mu'azu, mi ad damuwa?”
Na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya,
Bai katse ni ba.

Ya ce, “Ni ban san boko ba, ɗan nan.
Ƙashi na sani: in ka ji tausai nai,
Ka bar shi inda ya kwanta, shi haɗe karkace.
Albasa na sani: inda anka yafa iri
Ba nan taka yin kai ba.

Sai an cire ta, an kai ta wani kwami.
Amma mai dashe ba shi kai ta tudu
Don kawai mutane su hango ta.
Inda ƙasa ta san ta shika kai ta.”
Ya koma kan ƙafar da yake ɗauri,
Bai ce mini ga wadda zan ɗauka ba.

Daren nan na cika ta Zariya da biron Kubura,
Hannuna na rawa, na ɓata layi biyu.
Da safe labari ya riga ni kasuwa.
Wani ya ce, “Albasa ba ta yi halin ruwa ba!”
Na ce a raina, wannan ta yi,
Shi ne laifin da ba su yafe ba.

Malam Tukur ya amsa gaisuwata da ka.
Ɗan'ige ya miƙo shayi, ya miƙo hannu,
Na biya, ya ba ni canji daidai.
Baba ya ware buhu biyu na kuɗin mota,
Ya ce, “Ka dai tambayo su maganin ruɓa.”
Bai ɗago kai ba.

Mai hatimin zinariyar tana akwatina har yau,
Ban yaga ta ba, ban kuma amsa ba.
Jiya Inna ta same ni da ita a hannu,
Ta ce, “Me ya sami idonka?”
Na ce, albasa ce.
Ta dubi ɗakin, babu wuƙa, babu faranti,
Ta ja mini ƙofa a hankali,
Ba ta sake tambaya ba.